Riƙon Yaro Mai Lalura: Tsakanin Gadon Asibiti da Teburin Hukuma

Riƙo tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ana yaye ɗan fari a kai wa kakarsa saboda kunya. Matar da Allah bai ba ta haihuwa ba, wanta ya ɗauki 'yarsa ya ba ta. Uwa ta rasu a wajen haihuwa, ƙanwarta ta goye jaririn tun kafin a share makoki. Ba alƙali, ba takarda, ba sa hannu. Maganar manya ita ce hujja, kuma ta wadatar, domin kowa a unguwa ya san ɗan wane ne, ya kuma san a hannun wa yake. Wannan al'ada ta rufa mana asiri ƙwarai, ita ce ta sa gidajen marayunmu ba su cika maƙil ba duk da yawan mace-mace da mutuwar aure.

Sai dai akwai yaron da dangi kan sunkuyar da kai idan aka zo kansa a wajen rabon marayu. Shi ne mai sikila, ko mai farfaɗiya, ko mai ciwon suga tun yarinta, ko wanda aka haifa da ƙwayar cutar HIV, ko wanda shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri har ya kai shekara uku bai iya zama ba. Wanda ya yi ƙarfin hali ya ce a ba shi, ba da jimawa ba zai gane cewa rayuwar wannan yaro tana bi ta wuraren da maganar manya ba ta aiki: asibiti, ofishin inshorar lafiya, makaranta, kotu. A can ba a tambayar irin son da kake yi wa yaro. Abin da ake tambaya shi ne mene ne matsayinka a wurinsa, kuma ina shaida. Saboda haka a riƙon yaro mai lalura, neman takarda da adana tarihin ciwo wani ɓangare ne na jinyar kanta, kamar ba da magani.

Daren da ake tambayar mai riƙo

A ɗauka dare ne na hunturu. Yaro ɗan shekara shida ya kwana biyu yana kukan ƙafa da baya, yau kuma jikinsa ya saki. Goggonsa ta saɓo shi a kafaɗa zuwa sashen gaggawa. Likita ya ja fatar idonsa ƙasa, ya ga ta yi fari fat.

"Hajiya, ke ce mahaifiyarsa?"

"A'a likita, goggonsa ce. Uwar ta rasu bara, ni nake riƙonsa."

"An taɓa yi masa ƙarin jini? Nawa jininsa yake tsayawa idan yana lafiya? Wane magani yake sha kullum?"

"Wallahi likita, katinsa yana can garinsu, a ɗakin marigayiya."

"Ina mahaifinsa?"

"Yana Legas wajen nema. Tun ɗazu nake kira, wayar ba ta shiga."

Za a duba yaron, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti a Najeriya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Amma likitan zai yi aiki ne a duhu. Awon jinin mai sikila yakan tsaya tsakanin 6 da 9 ko yana cikin ƙoshin lafiyarsa, alhali na sauran yara yana haura 11. Adadin da zai tayar da hankali a jikin wani yaro, a wurinsa shi ne na yau da kullum, don haka sai an san inda ya saba tsayawa kafin a gane ko ya faɗi. Haka kuma yaron da aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsa yana iya ƙin karɓar wani jinin, dole a ƙara taka-tsantsan wajen gwaji. Duk wannan bayani yana cikin katin da aka bari a ƙauye. Idan gari ya waye aka zo maganar tiyata ko fara wani magani na dogon lokaci, sai a nemi sa hannun uba ko wanda doka ta san shi a matsayin majiɓinci, nan kuma goggo ba ta da abin nunawa.

Sanin ciwon kafin ɗaukar nauyinsa

Sikila ta fi dacewa a yi misali da ita, don babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da nau'in jini na AS. Gadonta ake yi daga uwa da uba, ba ɗaukarta ake yi ba, saboda haka babu dalilin ware wa yaro kwano ko hana shi kwana da 'ya'yan gida. A da, idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana, sai a ce wabi take yi, wani lokaci har a ba da wanda ya rayu riƙo. Ba kowane wabi ne sikila ba, amma mai karɓar yaro daga irin wannan ɗaki ya kamata ya fara da gwajin jini.

Alamun sukan fara bayyana bayan wata shida da haihuwa, galibi da kumburin bayan hannu da ƙafa. Daga nan akwai abubuwan da mai riƙo zai haddace. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin zuwa kemis ba ne. Idan ma'aunin zafin jiki ya nuna 38 ko sama, asibiti za a nufa a ranar, domin saifarsa ba ta iya tare ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, ciwon da zai kwantar da wani yaro kwana uku shi yana iya kai shi kushewa a yini guda. Sanyi, ƙishirwa, gajiya mai tsanani da zazzaɓin cizon sauro su ne ke tayar da ciwon. Shi ya sa ake son ruwan sha mai yawa, rigar sanyi da wankan ruwan ɗumi a hunturu, gidan sauro kowane dare, cikakken rigakafi, da magungunan da asibiti ke rubutawa na kullum, irin su folik asid da na kariya daga maleriya.

Akwai wani abu ɗan ƙarami da nas za ta iya koya wa mai riƙo cikin minti biyar. A kwantar da yaro rigingine, a ɗora yatsu a hankali ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, a ce ya ja numfashi. Idan saifa ta kumbura za a ji gefenta yana taɓa yatsu. Wanda ya saba yin haka lokacin wanka ya san inda take tsayawa. Ranar da ya ji ta sauko fiye da yadda ya sani, ga ciki ya ɗaga, ga tafin hannu da leɓe sun yi fari, to jini ne ya taru a cikinta, kuma ba a jiran wayewar gari. Haka ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko raunin hannu ɗaya.

Wannan na ƙarshe, wato shanyewar ɓarin jiki, yana samun kusan yaro ɗaya cikin goma na masu nau'in SS kafin su kai shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. Ana iya hango haɗarinsa da wata na'ura mai auna gudun jini a jijiyoyin kai, wadda ake so a yi wa yaro gwajinta duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike a kan yaran arewa, aka buga sakamakonsa a 2022. Ya nuna cewa maganin hydroxyurea, ko da ƙaramin awo ne, yana kare yaran da gwajin ya nuna suna cikin haɗari. Magani ne da likita kaɗai ke tsara awonsa, ana kuma bin sa da gwajin jini a kai a kai.

Kowace lalura da nata ƙa'idojin. Mai farfaɗiya ba a tura masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin fisge-fisge. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, idan ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Mai shan maganin HIV ba ya tsallake rana. Mai allurar insulin yana buƙatar wuri mai sanyi na ajiye ta. Abin da ya haɗa su duka shi ne littafi. A sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a rubuta sunan ciwon, rukunin jini, magunguna da awonsu, ranakun kwanciya a asibiti, ranakun ƙarin jini, maganin da jikinsa ba ya so, lambar kati da lambar wayar likita. A ɗauki hoton kowane shafi da waya. Duk inda yaron zai kwana, littafin ya bi shi.

Abin da doka ta tanada

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya, wadda aka zartar a 2003, ta ware babi guda a kan riƙo, daban da babin mayar da yaro ɗan cikin mutum. Ta lissafa yaran da kotu za ta iya bayarwa riƙo: wanda aka yasar, maraya da dangi suka guje shi, wanda ake gallaza wa ko aka yi sakaci da shi, da wanda iyayensa suka miƙa da kansu. Ta ce mai nema ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da shekara 21 aƙalla. Ta taƙaita yawan yaran da mutum zai riƙa zuwa uku, sai da wani dalili na musamman. Ta hana karɓa ko ba da kuɗi domin a sami yaro. Ta ɗora wa jami'an kula da yara ziyartar gidan lokaci zuwa lokaci, ta ba kotu ikon janye riƙon idan aka ga yaron yana cutuwa. Ba a kuma fita da yaron da kotu ta bayar zuwa wata ƙasa ba da saninta ba, abin da ya shafi duk mai tunanin kai shi jinya Masar ko Indiya.

Wannan doka ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Jihohin arewa da dama sun daɗe suna jan ƙafa a kai saboda saɓani kan wasu sassa, daga baya suka yi nasu da gyare-gyare: Kaduna a 2018, Kano a 2023. Don haka dokar jiharka ce abin dubawa, kuma ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar mata ta jiha ne mafari.

Hanya biyu ce. Idan yaron na dangi ne, mafi ƙarancin abin da ya kamata a yi shi ne rubutacciyar yarjejeniya daga mahaifi ko waliyyi, mai cewa ya damƙa yaron a hannun wance, ya kuma ba ta ikon sa hannu a asibiti da makaranta. A sa shaidu, mai unguwa ya sani, a kai kotu a yi takardar rantsuwa. Umarnin kotu na jiɓintar yaro ya fi wannan ƙarfi, shi ne kuma za a nema a wajen yin fasfo idan babu izinin iyaye. Idan kuwa yaron tsintacce ne, ko daga gidan marayu na gwamnati za a ɗauko shi, irin na Nassarawa a Kano, to babu gajeriyar hanya. Wanda ya tsinci jariri ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a Kano har da Hisba, kafin ya yi tunanin riƙe shi. Sai a rubuta takardar nema, a kawo masu tsayawa, jami'ai su zo su ga gida da sana'a, sannan maganar ta je gaban alƙali.

Mutane da yawa suna jin haushin wannan bin diddigi, suna ganin an mayar da mai neman lada abin zargi. A tuna da abin da ya faru a 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Anambra aka sayar, an sauya musu suna. Jami'in da bai san ka ba, ba shi da hanyar bambance ka da mai fataucin yara sai takarda. Ita ce kuma za ta kare ka ranar da wani ya tashi ya ce ka ƙwace masa ɗa, ko ranar da Allah ya karɓi ran yaron a hannunka aka fara 'yan maganganu.

Mai bin ofisoshi ya riƙe wasu dabaru. Kada ya ba da ainihin takarda, kwafi zai bayar. Ya rubuta sunan jami'in da ya karɓa da ranar. Ya nemi rasit a kan duk kuɗin da ya biya. Ya karɓi rahoton likita a rubuce ya haɗa da takardar nema, domin shi ne zai nuna cewa jinkiri yana da haɗari ga wannan yaro. Kafin a miƙa masa yaro daga gidan marayu, ya nemi a faɗa masa duk abin da aka sani game da lafiyarsa, a kuma yi sabon gwaji. Ya yi wa yaron takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar gwamnati mai ba da tallafin shari'a kyauta, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Maganar kuɗi

A Amurka, yaron da hukuma ta ba wani riƙo yana da inshorar Medicaid, mai riƙon yana karɓar kuɗin kula duk wata, ana kuma ƙara masa idan yaron mai jinya ne. A Najeriya aljihun mai riƙo ne galibi, a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga hannun jama'a yake fita kai tsaye.

Ga wani tarko da ma'aikata ke faɗawa. Inshorar lafiya ta ma'aikacin gwamnatin tarayya tana ɗaukar shi da matarsa da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ɗan riƙo ba ya shiga kai tsaye, sai an yi masa rajista ta daban an biya ƙari. Wasu sukan kai shi asibiti da katin ɗansu. Wannan ganganci ne, domin rukunin jinin wani da tarihin wani ne a cikin fayil ɗin. A maimakon haka a tambayi hukumar inshorar lafiya ta jiha, irin KSCHMA a Kano, game da shirin marasa galihu da ake biya daga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Manyan asibitoci suna da sashen jin daɗin marasa lafiya. Maganin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka tiyatar da ake yi a Asibitin Yara Masu Cutar Noma da ke Sakkwato.

Nasaba, gado da muharramtaka

Musulunci ya kwaɗaitar da kula da maraya matuƙa, amma Suratul Ahzab ta hana jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kamar yadda ya zo a kan Zaidu ɗan Harisa. Abin da aka yarda da shi shi ne kafala, wadda Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ma ta ambata da sunanta. Yaro yana riƙe sunan mahaifinsa. Wannan yana da amfani har a likitance, tunda ciwon gado sai an san tushe ake bin sawunsa, kuma ranar aurensa dole a san nau'in jininsa da na wadda zai aura.

Riƙo ba ya sa gado. Ga yaron da zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa, wannan babbar magana ce. Mai riƙon da ke da hali ya yi masa kyauta tun yana raye a gaban shaidu, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Idan maraya yana da gadon iyayensa, a rubuta duk abin da aka cire domin jinyarsa. Riƙo kuma ba ya sa muharramtaka sai an shayar da yaron yana jariri, don haka gidan da ya ɗauki mai lalurar da sai an yi masa wanka da tsarki har bayan balaga, ya tsara tun wuri wanda zai riƙa yi, ya tambayi malamai.

Mai riƙo ma mutum ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da ke kwana a zaune a gefen gado sau da yawa a shekara, ga nata 'ya'yan, ga miji, ga sana'a, watarana za ta gaji, kuma gajiyar mai jinya a kan yaro take sauka. Ana buƙatar mutum na biyu da ya san magunguna da alamun haɗari, wanda zai karɓe ta ta huta ko ta je biki. 'Ya'yan gida a yi musu bayani daidai hankalinsu, don kada su ga ana fifita baƙo. Malamin makaranta ya san cewa wannan yaro yana buƙatar shan ruwa da yawan fita fitsari, kuma ba a yi masa horon tsallen kwaɗo a rana. Ciwon da ke jawo tsangwama kuwa, irin HIV, sirrin yaron ne, ba labarin da za a ba maƙwabta ba. Shi kansa yaron, yana girma ana koya masa sunan ciwonsa da na magungunansa, kuma ba a raba shi da iyayensa ko 'yan uwansa na jini idan suna nan.

A wajen hukuma, abin da ake buƙata ba mai wuya ba ne: a saka duk yaron da kotu ta bayar riƙo cikin inshorar marasa galihu kai tsaye, a gaggauta shari'ar yaro mai jinya, a ba jami'an jin daɗin jama'a abin hawa da kuɗin zirga-zirga don ziyarar da doka ta ɗora musu ta tabbata.

A wajen dangi kuwa, zaman da ake yi bayan rasuwa ko mutuwar aure shi ne wurin gyara. Kada a tashi da "Allah ya ba ki lada" kawai. A fayyace abu huɗu a rubuce kafin kowa ya kama hanya: wa zai riƙe yaron, wa ke da ikon sa hannu a asibiti, nawa kowane baffa da kawu zai riƙa bayarwa duk wata, kuma wa zai karɓe shi idan mai riƙon ta kwanta ciwo ko ta rasu. A ɗauko katin asibitinsa a damƙa mata a gaban kowa. Gidan da ya riga ya ɗauki irin wannan yaro ba tare da an yi haka ba, bai makara ba. Ya kira taron tun yaron yana cikin lafiyarsa.